Yatsan da Siminti Bai Ci Ba

Yayana birkila ne, shekara ashirin yana jera bulo. Ba shi da yawan magana, sai dai zuciya, irin tamu ta gida. Ita ta kai shi: wani ɗan kwangila ya zagi mahaifiyarmu, Yaya ya kai masa shebur, ya karya masa hannu. Alƙali ya ba shi shekara uku. Da ya ci biyu aka sako shi ya ƙarasa ɗayar a waje, bisa sharaɗi: kada ya bar gari, kada ya zauna ba aiki, kuma kowace Litinin kafin sha biyun rana ya je ofishin masu sa ido ya dangwala yatsa. Ya yi fashi sau biyu, a mayar da shi ciki.

Wata biyar yana dangwalawa da tawada a littafi, lafiya lau. Sai suka kawo na'ura, wai ci gaba. Zanen yatsun da ke cikinta kuwa tun yana gidan yari aka ɗauka, lokacin hannunsa ya huta. Yanzu siminti ya lashe su, sun yi sumul kamar bayan cokali. Ya dangwala, ta nuna ja. Akawu ya ce na'ura ba ta gan shi ba, ga mutum tsaye a gabansa! Aka rubuta fashi ɗaya.

Litinin ta gaba na ce ƙafata ƙafarsa. Muka zauna a benci tun tara, ni ina kallon agogon bango, shi yana kallon hannuwansa. Ba a kira shi ba sai sha biyu saura kwata.

Babban yatsa, ja. Manuni, ja.

"Shafa a goshi," in ji akawu.

Ya shafa, ya hura masa iska, ya sake. Ja. Aka bi yatsun dama kaf, aka koma hagu. Saura minti takwas.

"Haba malam!" na ce. "Ba ga shi nan ba? Ko aljaninsa kake gani?"

"Ni dai abin da ta nuna nake rubutawa."

"Ku kuka ce ya yi aiki, aikin ne ya cinye yatsun!"

"Auta, yi shiru," in ji Yaya. Muryarsa a ƙasa, amma na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, kuma na san wannan jijiyar. Wallahi tsoro ya kama ni, ba na na'urar ba, na hannunsa da ya dunƙule a kan tebur.

Hayaniyata ce ta fito da jami'ar da ke kula da shi. Ta kama hannuwansa ta jujjuya.

"Ba ni da ikon tsallake na'ura," ta ce. "Wannan fa, me ya same shi?"

Ƙaramin yatsansa na hagu take nufi. Bulo ya faɗo masa sati uku da suka wuce, farcen ya fita, tun daga nan yake naɗe da tsumma.

"Kwance," in ji ta.

Tsumman ya manne. Na sa haƙori na yage ƙullin, ya fizge sauran, jini ya ɗan tsattsafo ta baya. Cikin yatsan fari fat, zanensa raɗau. Ya ɗora shi a kan na'urar. Saura minti biyu.

Kore.

Ban san na zauna a ƙasa ba sai da jami'ar ta miƙo min ruwa.

Daga ranar ya yanko robar tsohon tayan keke, kullum da safe ya naɗe yatsan kafin ya taɓa kwaɓi. Da yatsu tara yake aiki, har abokansa suka sa masa Tara. Shekara biyu ke nan da cikar wa'adinsa, takardar sallama tana cikin akwatin Inna. Jiya na same shi a ƙofar gida yana naɗi, na ce, "Yaya, ai an gama, kwance abin nan mana."

Bai ɗago ba, ya ja ƙullin da haƙori.

"Bar shi, Auta. Duk jikina shi kaɗai hukuma ta sani."