Maikunne, Ka Tafi Ka Bar Kwamfutata A Buɗe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talatar nan da ta wuce, bakwai ga wata, da hantsi, tela maƙwabcin shagonka ya kira ni a waya ya ce Maikunne ya rasu. Na ce, "Kai tela, nemi wani abin wasan, wannan ba daɗi." Sai na ji ƙato yana kuka. Wai kana zaune a kujerarka, sukudireba a hannu, ka dafe ƙirji, kafin a samo mota ka cika. Ni da muka rabu ranar Litinin kana min dariya! Ni ba gwanin rubutu ba ne, bayan ɗaukar hoto baki ne sana'ata, duk inda na kwafsa a yi haƙuri.

Wanda bai san shi ba, Maikunne mai gyaran kwamfuta ne. Sunan ya samo asali ne daga aikinsa: in ka kawo masa kwamfuta ba ya taɓa komai sai ya kunna ta ya kara kunne a jikinta, ya rufe ido, kamar mai sauraron gulma ta bango.

Ka tuna ranar da na fara kawo maka tawa? Na shigo ina cika baki, ni ne mai hoton da babu kamarsa a layin nan, kuma har gobe babu. Na ce kwamfutata ce ta zama kunkuru, in na kunna ta sai in je in yi aski in dawo ba ta gama tashi ba. Ka saurara, ka buɗe ta, ka ciro ƙura daga fanka har da gashin kyanwata. Sannan ka duba ciki ka ga anti-bairos uku da na zuba da hannuna. Na ce ai tsaro ne. Ka ce, "Sarkin Baki, masu gadi uku ka ajiye a ƙofa ɗaya. Kokawa suke da juna, shi ya sa maigida ya kasa shiga." Ka sallami biyu. Ka kashe tarkacen manhajojin da ke tashi tare da ita. Ta miƙe da gudu, ni kuwa na zaga kasuwa ina cewa ni na ba ka shawara. Labari ya iso maka, ka ce, "Ƙwarai, shi ya ba ni, har da fitila ya riƙe min."

Ba ka taɓa goge wa mutum komai a bayan idonsa ba. Wasu masu gyara da sun ga nauyi sai fomatin, a share komai a huta. Kai sai ka zaunar da mai kaya kusa da kai, kana tambaya, wannan fa, a cire? Na ga tsohuwar da ta kawo ta marigayin ɗanta, ka yini da ita kana nuna mata abin da ke ciki, ba ka ƙosa ba.

Kwanan baya tawa ta sake yin nauyi. Ka kara kunne, ka ce wannan karon ba ƙura ba ce, rumbun ajiyar ne ke ƙas-ƙas, ya kusa mutuwa, in kawo ka kwashe min komai zuwa sabo. Ka ce kada in yawaita kunna ta, kowace kunnawa tana iya zama ta ƙarshe. Ranar Litinin na kai. Talata ka tafi.

A wurin zaman makoki matarka ta aiko yayanta ya kira ni gefe. Ta ce, "Mai hoto, kai ne abokinsa. Ba mu da hotonsa ko ɗaya sai na katin shaida, shi ma ya koɗe. Auta ba ta yi wayo ba, ina tsoron ta manta fuskarsa." Kowa ya san ba ka son kyamara, ko a bikin ƙanwarka bayan ginshiƙi ka laɓe. Sau ɗaya tak na sace ka a shago, kuma hoton yana cikin rumbun nan mai ƙas-ƙas, tare da aikin mutane na shekaru.

Tela ya buɗe min shagonka. Ga kwamfutata kan tebur, murfi a cire, kusoshinta a cikin murfin kwalba yadda ka jera su. Sabon rumbun ko ledarsa ba ka yage ba. Na kunna. Ni da nake danna abu sau ashirin in ya ƙi buɗewa, ranar hannuna na cusa ƙarƙashin cinya na zauna a kai. Tana ƙas, tana shiru, tana ƙas. Tela ya ce, "Fara kwashe na masu biki, za su cinye ka ɗanye." Na ce su cinye. Na lallaba na nemo naka, na tura shi a filas. Yana gama shiga, allo ya daskare. Daga nan ba ta sake tashi ba.

Na wanke shi babba na kai gida. Hoton ma ba wani na a zo a gani ba ne, mafi muni a duk aikina: ka ɗaga tafi kana tare kyamara, rabin fuska kawai ya fito, kana dariya. Auta ta karɓa, ta ɗora tafinta a kan naka, ta ce, "Mama, Baba yana cewa in tafa."

Allah Ya jiƙan ka, Maikunne. Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sauƙaƙa maka hisabi yadda ka sauƙaƙa wa mutane. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka, da matarka, da 'yan'uwanka, da tela da duk mutanen layi. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya raya Auta da yayyenta. Amin.