A Riƙe Masa Riga

Jiya na ga mai hoto yana ja da baya a wajen biki. Na tuna marigayi malaminmu na sakandare a Jos, ƙarshen shekarun saba'in. Ya aro mana kyamarar fim don mu ɗauko darasin kuza da kanmu a Naraguta. Dokarsa ɗaya ce: "Mai kyamara makaho ne, a riƙe masa riga."

Ina ɗauka ina ja da baya, tsohon ramin kuza na bayana, cike da koren ruwa, shiru. Ƙasa ta zabtare ƙarƙashin ƙafata. Sai wuyan rigata ya shaƙe ni. Malam ne ya damƙo ni.

"Ci gaba da ɗauka," ya ce.

Allah ya riƙe shi yadda ya riƙe ni.