Agogon Baba Yohanna

Jama'a, yau zuciyata ta karye!

Gasar kulob ɗinmu muka yi a Tudun Wada, ta ƙananan jirage marasa rimot. Wanda ya fi daɗewa a sama ya ci. Baba Yohanna ke riƙe agogo tun kafa kulob ɗin.

Na saki jirgina, ko minti bai yi ba ya faɗo. Amma Baba yana ta kallon sama!

"Minti huɗu! Sadiya, naki ya ƙi saukowa!"

Muka ɗaga kai. Ashe shirwa Baba yake bi da ido!

Sai shirwar ta yi kuka. Baba ya juyo, ya ga jirgin a hannuna. Ya miƙo min agogon.

"Riƙe, 'yata. Idon ya tafi."