Jibo na Dogarawa, mai aiken ɗa ya ba jaki ruwa

Kullum da hantsi, kafin ya buɗe ɗakin magani na Dogarawa, lokotoro Jibo yakan cika kwatarniyar da ke bayan gini da ruwa. Baƙo zai ɗauka tausayin dabbobi ne. Mu da muka san shi mun san dabara ce.

Tsofaffinmu ba sa zuwa da ciwo ɗaya. Hawan jini na nan, suga na nan, gwiwa ta ƙi, ido ya dushe. Amma in dattijo ya zauna gaban Jibo, ɗansa na tsaye a kansa, sai ya zaɓi ciwon da ya fi araha ya faɗa, ya haɗiye sauran, don kunyar a ce shi ya ƙarar da garken gida. Jibo ya gane wannan tun da wuri. Sai ya dubi ɗan ya ce ya je ya ba jakinsu ruwa. Da ƙofa ta rufe, ya matso da kujera, ya ce, "To baba, sauran hwa?"

Haka ya yi wa Malam Labo, shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi magani ya yi tsada. Labo ya rantse jiri kawai ke damunsa. Da ɗansa Amadu ya fita, sai tsohon ya zare takalmi. Gyambon suga ya ci yatsa har ya fara wari. Ya ɓoye shi ne don kada Amadu ya sayar da san noma, ga damina ta kawo kai. Jibo bai yi faɗa ba. Ya dakatar da allurar ƙarin ƙarfi da tsohon ke nacin a yi masa, ya bar masa ƙwayoyin da ba makawa, ya haɗa awonsa duka ranar kasuwa, wankin gyambon kuma ya riƙa bin sa da shi har gida a kan kekensa. Ƙafa ta tsira, sa ma ya yi huɗa.

Kai ne, Jibo, ka san tsoho ba ƙarya yake yi ba, tausayin 'ya'yansa yake ji. Mun gode, Allah ya saka maka. Ku matasan da kuka gaji kujerarsa, don Allah ku gaji tambayarsa.

Ranar da aka yi wa Jibo ban kwanan barin aiki, Labo ya zo da ƙafarsa. Ya lura Jibo na dafa bango kafin ya tashi, Zalika matar Jibo kuma na kallonsa. Sai ya roƙe ta ta je ta ba jaki ruwa, alhali bai zo da jaki ba. Da ta fita tana dariya, ya jawo kujera.

"To lokotoro," ya ce, "sauran hwa?"