Riƙon da Goggo ta mayar

A Fanya aka haife ni, tsibirin nan da ke cikin teku kudu da Kalaba, wanda yanzu ake kira Biyoko. Mahaifina tela ne ɗan Jos. Ya je can tun yana saurayi yana yi wa leburorin gonakin koko ɗinki, ya auri 'yar ƙasar daga ƙabilar Bubi, ta musulunta, suka haife ni. Da zama ya gagari 'yan Najeriya a tsibirin, gwamnati ta aika da jiragen ruwa aka kwaso mutane a 1976, har da mu. Ina da shekara tara ko kusa da haka muka sauka gidan kakata a unguwar Dilimi cikin Jos, ni da Baba da Mama da ƙanena da ke goye.

Harshen su Mama sunansa Bube, kuma da shi na fara magana a duniya. Baba dai duk shekarun da ya yi a can bai wuce gaisuwa ba. Shi da Mama Turancin Buroka suke yi, wanda ya ishe su maganar cefane da ɗan faɗan da ba a rasa ba. Hausar Mama kuwa daga "ina kwana" sai "lafiya lau". Ni ce bakina ba ya da ƙofa, kafin damina ta faɗi har na iya zagi da Hausa, na kuma sha duka a kansa. Saboda haka idan Baba ya tafi shago, Mama ba ta da abokin magana a gidan nan sai ni. Mukan zauna a bakin murhu tana feren gwaza, tana ba ni labarin ƙauyensu da ke gindin dutse, da ruwan saman da kan yi kwanaki bai ɗauke ba, da kifayen da ba su da suna a Hausa. Mu yi ta dariya, matan gida suna kallonmu.

Kakata abin ya tsaya mata a rai. Ba mugunta gare ta ba, ita dai tunda take ba ta taɓa ganin uwa ta zauna da 'yar fari suna hira kamar ƙawaye ba, har tana kiran sunanta gatsal a gaban surukai. A wajenmu uwa kunyar ɗan fari take yi, kuma sau da yawa dangi ne ke riƙonsa. Ga shi kuma yayar Baba, wadda muke kira Goggo, ta daɗe da aure a Nasarawa Gwom Allah bai ba ta haihuwa ba. Sai Kaka ta yanke cewa a ba Goggo ni. Kowa ya ce an yi dabara: an share wa Goggo hawaye, an kuma koya wa baƙuwa al'ada cikin ruwan sanyi. Baba ya yi wa Mama bayani da Buroka, ta ce to. Baƙuwa ce a gidan mutane, me za ta ce?

Gaskiya na ji daɗin gidan Goggo. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, mijinta direban babbar mota ne da ba ya zama, don haka gidan namu ne mu biyu. Mace ce mai surutu, idan ta rasa abokin hira sai ta ja kajinta da faɗa. Ta saya min takalmi da ɗan kunne, ta sa ni makaranta, tana yi min kitso da kanta tana ce min 'yar Fanya mai kan kwakwa. Dilimi ba nisa, amma Kaka ta ce ɗan riƙon da ke yawan zuwa gida ba ya sabawa, sai aka hana ni zuwa. Watanni suka shuɗe.

Da ƙaramar Sallah Goggo ta kai ni gaisuwa. Na tarar Mama ta rame, ta yi shiru irin na marar lafiya, alhali an ce ba inda ke mata ciwo. Ta ja ni ɗaki ta soma magana da Bube, muryarta a dishe saboda daɗewa ba ta yi doguwar magana ba. Ina jin duk abin da take faɗa, amma da na buɗe baki sai Hausa ta fito. Na lalubi kalmomin, wasu suka zo, wasu suka ƙi. Mama ta dube ni, ta yi murmushi, ta gyara min ɗankwali. Ashe Goggo na tsaye bakin ƙofa.

A hanyar komawa ta tambaye ni, "Ke 'yar nan, in ba ke ba, da wa uwarki take wannan yaren?"

Na ce babu.

"Ubanki fa?"

"Shi bai iya ba."

Ta ja tsaki, ta ce shekarun da ya yi a can ashe allura kawai ya iya. 

Goggo ba ta so rabuwa da ni ba, wannan na sani, domin sai da ta gwada kowace hanya ta samo wa Mama abokin hira. Ta ja ni zuwa kasuwar Taminus muka bi rumfa-rumfa tana cigiyar waɗanda suka dawo daga Fanya, ko za a dace da mai jin Bube. Mun samu da dama, Inyamurai da mutanen Kalaba. Wani mai sayar da kayan gwangwani ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, mu a gona ne muna zama. Bubi yana nasa gari, mu yana namu. Buroka kawai." Haka kowa ya ce.

Daga baya aka yi mata kwatancen matar wani makanike 'yar Duwala ta ƙasar Kamaru, aka ce yarensu ɗaya da Mama. Goggo ta yi mata toshiyar man gyaɗa kwalba guda ta kai ta Dilimi. Na girma na karanta cewa lallai harsunan dangi ne, duka cikin zuriyar da ake kira Bantu, har da na waƙoƙin Kwango da ake sakawa a shagunan Taminus, waɗanda Mama kan tsaya ta kasa kunne in ta ji. Amma dangantakar ta yi nisa. Matar ta yi magana, Mama ta tsinci kalma nan, kalma can, fuskarta ta ɗan washe, sai abu ya cije. Suka koma Buroka, suka yi sallama cikin mutunci.

Kwana kaɗan bayan haka, da hantsi, Goggo ta haɗa kayana a akwatin ƙarfe, har da takalmin da ɗan kunnen, ta ɗora a kanta, ta ce in wuce mu tafi. A tsakar gidan Dilimi ta dire shi.

Kaka ta fito tana salati. "Riƙo ake mayarwa? Me yarinyar ta yi miki?"

"Ci gare ta, Inna. Ta kusa cinye min jari."

Ba wanda ya yi dariya. Mayar da ɗan riƙo ba ƙaramin abu ba ne, mutane za su ce an yi ɓatacciya, ko kuma Goggo ta kasa, su ƙara da cewa dama wadda ba ta haifa ba ina za ta iya. Duk an faɗa, wasu ma a gabanta. Kaka ta daɗe ba ta amsa gaisuwarta da sakin fuska ba. Goggo ta shanye duka, ba ta bari laifin ya taɓa Mama ba ko kaɗan.

Mama ta fito daga ɗaki ta ga akwatin, ta ga ni, ta gane. Ta durƙusa a gaban Goggo ta riƙe hannunta tana ta magana da Bube, hawaye na zuba. Goggo ta ce in faɗa mata ta tashi, ita ba ta son irin wannan, kuma a riƙa shafa min mai a kai don gashina na karyewa.

Na raka ta zaure ina kuka, na tambaye ta ko wani laifi na yi. Ta goge min fuska da bakin mayafinta, ita ma idonta ya yi ja.

"Ba ki yi komai ba. Ni ina da Jos gaba ɗaya da zan yi surutu da ita. Uwarki ke kaɗai gare ta."

Bakina ya dawo a hankali, a bakin murhu, Mama na gyara min tana dariya. Da Bube muka yi ta hira shekara da shekaru, kuma da shi ta yi min maganarta ta ƙarshe, na ji, na amsa mata. Goggo kuwa ba a sake ba ta wani riƙon ba, don dangi sun ce ba ta iya ba. Ita kaɗai ta koma Nasarawa Gwom ran nan, ita kaɗai ta ci gaba da zama a gidan. Allah ya jiƙanta, ya sa ta tarar da abin da ta yi mana.