Ɗan Sanda Ɗaya, Kujeru Huɗu

Ina jiran mota a wani ƙauye bayan Roni, idona yana kan wani ɗan sanda da ke zaune a ƙofar ƙaramin ofishinsu. Siriri ne, furfura tana leƙowa daga ƙarƙashin hularsa, kakinsa ya koɗe amma ya sha guga. Kujeru huɗu ne a barandar, duk a goge, shi kaɗai ke zaune. Mai shayin da ke gefena ya ce da su huɗu ne, aka kwashe uku, ba a turo kowa ba.

Ga wata tsohuwa ta iso tana haki. "Yallaɓai, tun hantsi nake aikowa! 'Ya'yana sun ɗaukar wa juna fartanya a kan iyakar gona."

"Yi haƙuri, Inna. Yanzu na dawo daga wani ƙauyen."

Ya miƙe, ya jawo kekensa. A bakin ƙofa ya leƙa ciki, ya buɗe baki kamar zai ce wa wani ya kula da ofis. Ina jin haka ya saba shekara da shekaru. Sai ya ja ƙofar, ya danna kwaɗo.