Akwatin da ya saurari ɗakina

Shekarun baya, tun ban san bihim ba, ƙasa ta ɗan motsa mana a Yelwa. Da hantsi ne, ina gyaran kifi, sai na ji kwanoni na kaɗawa cikin kabad. Kafin in miƙe ta tsaya. Wasu suka ce dam ne, wasu suka ce masu haƙar zinari. Ni dai abin da na gani, bangon ɗakina ya tsage daga taga har ƙasa. Ɗakin da marigayi maigidana ya gina da hannunsa, duk ɗiyana ciki na haife su.

Sai mai unguwa ya aiko, wai mutanen jami'a za su zo duba gidaje, ɗakin da ba shi da lafiya a fita daga cikinsa. Mu nan kuwa ba a tarbar baƙo da bango baki buɗe. Unguwa duk aka hau kwaɓa siminti. Babban ɗana ya liƙe tsagar, ya bi da farar ƙasa, ɗaki ya koma na amarya.

Da suka zo, ashe babbarsu yarinya ce mai tabarau. Duk wahalarmu ko kallon bangon ba ta yi ba. Ta ajiye ɗan akwati a ƙasa, wani a saman bango, ta haɗa su da kwamfuta. Ta ce a bar daka, a ɗaure akuya, kowa ya zauna. Ni zama ba tambaya ba halina ba ne. Na ce mi abin nan ke yi? Ta ce saurare yake. Wai kowane gini kullum cikin rawa yake, 'yar rawar da jiki ba ya ji, ta iska da motoci, kuma rawar lafiyayye daban, ta mai ciwo daban.

"Inna, in za ki sayi tukunya, ya kike yi?"

"Ƙwanƙwasawa nake, ɗiyata."

"To shi ke nan."

Ni kuwa na san tukunyar da aka shafe wa tsaga ba ta iya ɓoye murya. Amma son sani ya fi tsoro ƙarfi, na ce nuna mini. Ta nuna mini zanen rawar ɗakin ɗana a kwamfuta, yana rawa da sauri. Nawa kuwa jan jiki yake kamar ni da gwiwata. Na buga tafi a bango, zanen ya zabura. Na sake, ya sake. Tsofai-tsofai da ni na tsaya wasa, sai da ta riƙe mini hannu.

A hankali ta ce kada in ƙara kwana ciki sai an sake bangon. Ɗana ya fara rantsuwar ba wata tsaga, na ce rufe baki, akwati ya riga ka magana. Ranar na kwashe shimfiɗata zuwa ɗakin baya. Da aka zo rushewa, bulon marigayi na marmashewa a hannu kamar ƙuli-ƙuli.

Abin da ya tsaya mini a rai, rubutun da ke ƙarƙashin zanen nan. Maganar ɗakina ce, amma sai an karanta mini. Shi ya kai ni ajin yaƙi da jahilci da furfurata.

Har yau in na tashi sai na ƙwanƙwasa sabon bangon, in kara kunne. Jikoki su yi ta dariya, wai mi ya ce. Ba na jin komai. Amma tunda na san yana motsi, ba ni wuce shi ba gaisuwa.